Takobin Ƙasa a Tawa: gardamar 'yan goma da 'ya'yan Adar masu kokowa da rigar wasu jihohi

Da zarar an gama ɗaure damman hatsi, hunturu ya fara kaɗawa, hirar fadojin matasa a Birnin Ƙonni takan sauya. Ba a daina musun Real Madrid da Barcelona ba, amma sukan koma gefe. Mai shayi, ɗan kabu-kabu da mai canjin naira da sefa duk sukan zama masana kokowa: wane ya tsufa, wane ƙafarsa ba ta tsayawa, wane kuma ba a kayar da shi sai da asiri. Haka abin yake a tashar Tsarnawa, a kasuwar Badagishiri, da bakin rumfunan albasa na Galmi.

A 2025 musun ya fi zafi, kuma da dalili. Gasar kokowar gargajiya ta Takobin Ƙasa karo na 46 ta sauka a birnin Tawa a ƙarshen watan Disamba na 2025, shekara 50 ke nan da aka fara ta a wannan gari a 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché. A wancan karon na farko baƙo ne ya tafi da takobi, wato Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ɗan jihar Maraɗi. Karon baya da gasar ta zo Tawa, a 2017, takobin bai bar gida ba, domin Yahaya Kaka ya riƙe shi. Daga nan har zuwa gasar 2024 jihar ba ta sake ɗaga shi ba, kuma wannan ne ya ci wa magoya baya tuwo a ƙwarya.

Sai dai wanda ya saurari gardamar da kyau zai ga cewa ba kan Doso ko Maraɗi kaɗai take ba. Rabinta kan gida ne: su wa za a zaɓa su wakilci jihar, wa ke zaɓen su, kuma me ya sa wasu ƙarfafan da ƙauyukan yankin suka rena suke shiga fili da rigar wata jiha.

Gasa biyu cikin fili guda

Ga matashin da ya tashi a birni ko a ƙasar waje, wanda bai saba da tsarin ba, ga yadda yake. Jihohi takwas na Nijar, wato Agadas, Diffa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tillaberi, Damagaram da Yamai, kowace takan kawo 'yan kokowa goma. Mutum 80 ke nan. A kwanakin farko kowace jiha takan kara da sauran bakwai ɗin, goma da goma. Ba a raba mutane bisa nauyi, saboda haka siriri kan iya faɗawa hannun ƙato, kuma wani lokaci siririn ne ke tashi da hannu sama. Wanda ya sha kaye sau ɗaya ya fita daga neman takobi, ko da kuwa shi ne sarkin bara. Zai ci gaba da kokowa don jiharsa, amma burinsa na kansa sai baɗi. 'Yan kaɗan da suka tsallake ba a kai su ƙasa ba su ne ke haɗuwa a kwanakin ƙarshe har a fitar da sarki, a naɗa masa rawani, a miƙa masa takobi da doki da miliyoyin sefa.

Wannan tsari shi ne uwar yawancin musun da ake yi. Ɗan wasan ƙwallo idan ya yi kuskure yau yana da wasan mako mai zuwa. Ɗan kokowa kuwa shekara guda ta atisaye, cin nama da ƙauracewa gona tana iya ƙarewa cikin daƙiƙa goma a ranar farko. Shi ya sa wanda bai faɗi ba yakan ƙara taka-tsantsan kullum, ya yi ta kewaye yana taɓa hannu yana ja da baya, 'yan kallo na ihu, alƙali na ba da gargaɗi. Magoya baya sukan kira wannan tsoro. Masu horarwa sukan kira shi hankali. Wanda kuma ya riga ya faɗi ba shi da abin da zai rasa, don haka shi ne mafi haɗari a fili: yakan shiga da zuciya ɗaya ya ɓata wa mai neman takobi shekara, ya tafi da suna da kyautar masu kuɗi.

A nan buƙatar jiha da ta ɗan kokowa sukan rabu. Jiha na son yawan kaye a kowace karawa, shi kuwa gwaninta yana son ya isa kwanakin ƙarshe da ƙarfinsa ba tare da rauni ba. Idan kuma 'yan jiha ɗaya biyu suka haɗu a kusa da ƙarshe, sai wani sabon zance ya tashi, cewa ƙarami ya sakar wa babba, ko an sasanta a masauki tun da dare. Irin wannan zargi yana da sauƙin yi a bakin mai shayi, yana da wuyar tabbatarwa, amma ba ya mutuwa, domin tsarin kansa ne ke ba shi wurin zama.

Gunduma 12, gurbi 10

Lissafin ma kaɗai ya isa ya haddasa rigima. Jihar Tawa tana da gundumomi 12, ban da birnin Tawa kansa, gurabe kuwa goma ne. Malbaza, wadda a da take ƙarƙashin Ƙonni, ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, kamar yadda Bagaruwa ta fita daga Illela. Kowace sabuwar gunduma tana son ta ga ɗanta cikin tawaga, kuma kowane ɗan siyasa ko attajiri na yankin yana son a ce yaronsa ne ya fito.

A ƙa'ida, zaɓe yakan taso daga ƙasa: a fafata a gunduma, gwanaye su haɗu a matakin jiha, a tace goma, a killace su a yi musu horo kafin gasa. Abin da magoya baya ke musu a kai shi ne abin da ke faruwa tsakanin fafatawar da fitar da sunaye. Ɓangare ɗaya na cewa fili ne kaɗai alƙali, duk wanda aka kayar a zaɓen jiha ya koma gida ko da sunansa ya kai Abijan. Ɗaya ɓangaren na cewa tsohon hannu da ya san hayaniyar babban fili, ya san dabarun 'yan Doso da na Damagaram, ya fi yaro sabon jini da zai ruɗe da zarar ya ji ganga da kyamarar talabijin a kansa.

Duka biyun suna da hujja, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Gogewa gaskiya ce, kuma tarihin gasar cike yake da gwanayen da suka daɗe suna zuwa kafin su yi nasara. To amma idan suna ya zama tikitin dindindin, yaron ƙauyen Dogarawa ko Bazaga da ya kayar da kowa a gundumarsa zai gane cewa ƙofar a rufe take, kuma ba zai zauna jiran tsofaffi su gaji ba. Zai nemi wata ƙofar. Nan ne gardamar 'yan goma ke haɗuwa da gardama ta biyu, wadda ta fi ta ɗaci.

Ɗan wa ne, na wa ne?

Ba asiri ba ne a duniyar kokowar Nijar cewa ba kowane ɗan kokowa ne ke wakiltar jihar da aka yanke masa cibiya ba. Yankunan noma na kudu, irin su Adar, Arewa, Gobir da Damagaram, suna da ƙarfafa fiye da guraben da aka ba su. Wasu jihohin kuwa suna da gurabe goma cif amma ba su da zurfin al'adar kokowa irin ta waɗannan. Yamai kuma tana da abin da babu a ƙauye: aikin yi, manyan 'yan kasuwa da kusanci da hukuma. Ruwa dai gangare yake bi. Wanda ya zo na goma sha ɗaya a gida yana iya zama na uku a wani wuri.

Idan irin wannan ɗan kokowa ya kayar da ɗan Tawa, fada kan rabu biyu. Wasu su ce ya ci amanar ƙasar da ta shayar da shi. Wasu, musamman 'yan ƙauyensu, su yi murna a ɓoye ko a sarari, domin su a wurinsu rigar da ya sa ba ta sauya gidan ubansa ba. Akwai ma masu lissafa duk wani ɗan asalin Adar da ya yi fice a ko'ina a matsayin nasarar Tawa, lissafin da ke sanyaya zuciya amma ba ya kawo takobi.

Kalmar cin amana ta yi tsauri, kuma waɗanda suka fi furta ta ya kamata su fi kowa fahimta. Jihar Tawa na cikin yankunan Nijar da suka fi fitar da 'yan ci-rani. Da wuya a sami gida a Illela ko Ƙonni da ba shi da ɗa a Abijan, Legas, Kamaru, Libiya ko Aljeriya. Ba wanda ke kiran mai sayar da kaya a kasuwar Ajame maci amana don ya bar gonar gado ya tafi neman abin rufin asiri. Ɗan kokowa ma neman yake yi, kuma lokacinsa ya fi na ɗan kasuwa gajarta. Shekarun ƙarfinsa ƙididdigaggu ne, gwiwa ko kafaɗa na iya tafiya a kowace karawa, babu albashi, babu fansho. Mutum ɗaya ne cikin 80 ke tafiya da doki. Mafi yawan sauran suna komawa da ɗan alawus da abin da masu kari suka jefa musu a fili, sai kuma abin da suka samu a ƙananan gasanni na bukukuwa. Mutane da dama sun ga tsofaffin gwanaye da aka yi wa kiɗa a da suna fama da jinya da talauci. Yaron da ya ga haka, aka kuma yi masa tayin babur, ɗaki da abinci a wata jiha, ba wauta ya yi ba idan ya karɓa.

Abin da ya kamata a yi musu a kai ba tafiyar ba ce, yadda ake yin ta ne. A ƙwallon ƙafa, dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayen ɗan wasa zuwa wata ƙasa domin ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Ƙaramin kulob a Bamako ko Kaduna kan sami rabonsa idan yaronsa ya yi tsada a Turai. A kokowa, ƙauyen da ya tara hatsi ya ciyar da yaro, tsohon ɗan kokowar da ya koya masa kamu, da gundumar da ta fito da shi, hannu wofi suke tashi idan ya tafi. Hukumar kokowa ta ƙasa ce ke da ikon tsara sauya sheƙa, kuma abin da zai rage zargi shi ne a riƙa bayyana shi a fili: wane ya koma ina, yaushe, bisa wane sharaɗi, kuma me gida ya samu. Idan an san haka tun watanni kafin gasa, zancen an saye wane da dare zai ragu da kansa.

A Senegal sun bi wata hanya dabam. Can 'yan kokowa na cikin ƙungiyoyin unguwanni, 'yan kasuwa masu shirya wasa ne ke haɗa karawa da kwangila, kuma manya irin su Modou Lô, wanda ya zama sarkin fili a 2019, suna karɓar kuɗin da ɗan kokowar Nijar bai taɓa gani ba. Amma tasu kokowar da naushi ake yi, kuma manyan sukan yi karawa ɗaya ko biyu ne a shekara. Abin da Nijar ke da shi wanda su ba su da shi shi ne kwana goma da ƙasa baki ɗaya ke kallon fili guda, kowa na jin jiharsa ce a ciki. Wannan jin shi ne jarin gasar, kuma shi ne sauya sheƙa ba bisa tsari ba ke ci a hankali.

Doso, Maraɗi da sauran abokan adawa

Kowane zamani da abokin hamayyarsa. Dattawa a Illela har yanzu suna zancen shekarun farko, lokacin Kantu na Maraɗi, Salma Ɗan Rani na Doso, Langa-Langa na Damagaram da Kadade na Tawa, zamanin da rediyo ce kaɗai hanya, mutane su kewaye akwati ɗaya suna jin mai sharhi da muryar mawaƙin 'yan kokowa Sagalo. Sunayen wasu daga cikin waɗannan gwanaye ne aka sanya wa filayen kokowa na jihohinsu. Na Tawa, inda aka yi ta 2025, yana ɗauke da sunan Hamidin Mai Dare. Bayan Kadade, jihar ta sake samun sarakuna irin su Mahamadu Idi Kwamando da Haruna Abdu kafin Yahaya Kaka.

Ga matasan yau kuwa, sunan da ya hana su barci ɗaya ne: Kadri Abdu, wato Isaka Isaka na Doso. Takobi shida ya ɗauka, abin da ba wanda ya taɓa yi, uku na ƙarshe a jere, a Yamai, Diffa da Agadas. Shekaru da dama musun fada bai wuce tambaya guda ba, wa zai iya kayar da shi. Masu ƙaunarsa na cewa haƙuri da karatun abokin karawa ne sirrinsa. Masu adawa na cewa layu ne, kamar dai sauran 79 ɗin ba su ɗaura nasu ba.

Amsar ta zo a Disamban 2024, kuma a gidansa. A filin Salma Ɗan Rani na Doso, Abba Ibrahim na Yamai ya doke shi a karawar ƙarshe. Wannan ya sauya lissafin kowa. Ya nuna cewa sarkin yana kayuwa, ya kuma nuna cewa kasancewa mai masauki ba ya ba da tabbaci. Magoya bayan Tawa da ke tuna 2017 suna cewa gida gida ne, ya kamata su tuna 1975 da 2024 su ma. Ihun dubban 'yan gida yana ƙara wa wani ƙarfi, wani kuma nauyi yake zame masa. Sunaye irin su Nura Hasan da Zakiru Zakari, da ake yawan ambata cikin gwanayen jihar na wannan zamani, su ne ke ɗaukar irin wannan nauyin idan suna cikin tawaga.

Adawar jihohi a Nijar tana da wani abin da ke rage mata kaifi, wato wasan taubasantaka. Bagobiri da Bazabarme, ko Ba'are da Bafulatani, suna iya yi wa juna ba'a mai zafi kan kaye a tashi ana dariya, kuma UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. A cikin fili ma 'yan cali-cali na nan suna kwaikwayon wanda ya faɗi don a yi raha. Matsalar ita ce a Facebook da TikTok babu fuskar da za a gani a san wasa ake yi. Ba'ar da za ta wuce a fada takan zama zagin ƙabila idan aka rubuta ta, kuma sau da yawa waɗanda ke nesa da gida, da kewa ta cika musu ciki, su ne suka fi zafin hannu.

Inda ake shuka gwanaye

Duk wannan musu ya ta'allaƙa ne kan wani abu da ba a cika kallo ba, wato dandalin ƙauye. Ba a makaranta ake koyon kokowa ba. Bayan girbi ne samarin wani gari ke ɗaukar makaɗansu su tafi wani garin, a yi karawa a gaban dattawa da 'yan mata, yaro ya fara suna tun yana ɗan shekara goma sha. Wannan lokacin na kaka shi ne kuma lokacin da motoci ke cika da samari masu tafiya ci-rani. Wanda zai zama Kadaden gobe wataƙila yanzu yana tura baro a Abijan ko yana haƙar zinari a arewacin Agadas.

Masu ɗaukar nauyin ƙananan gasanni su ma sun ji jiki. Arzikin Ƙonni ya dogara ne kan iyaka da Illela ta jihar Sakkwato, kuma rufe iyakar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya tsayar da kasuwanci har zuwa Maris 2024. Ɗan kasuwar da kayansa suka yi watanni a tsaye ba shi ne zai sa buhunan shinkafa da babur a gasar ƙauye ba. Ficewar Nijar daga CEDEAO a Janairun 2025 ita ma ta taɓa wani fagen, domin gasar kokowa ta ƙungiyar na cikin wuraren da 'yan kokowar ƙasar ke samun kuɗi da suna a waje.

Yankin ba matalauci ba ne ta kowace fuska. Malbaza na da masana'antar siminti, Galmi na fitar da albasar da ake ci har gaɓar teku, Ƙonni na da fadamun noman rani da manyan 'yan kasuwa. 'Yan ci-rani kuma suna aiko da kuɗi, kuma idan ɗan garinsu ya yi kaye a talabijin sukan turo kari nan take ta waya. Kuɗin suna zuwa ne a ranar murna, lokacin da mai sanarwa zai ambaci sunan mai bayarwa. A watan Yuni, lokacin da ɗan kokowa ke buƙatar abinci, magani da wanda zai riƙe masa gona, ba a cika ganin kowa ba. Ƙungiyar 'yan asalin gari guda da ke Abijan ko Kwatano za ta iya ɗaukar nauyin samari biyu ko uku shekara guda da abin da bai kai kuɗin da ake watsawa a fili cikin yini ɗaya ba, kuma yaron da ke da irin wannan gata ba zai yi saurin sauraron tayin wata jiha ba.

Kafin a buga gangar farko, jihohi takwas kan fitar da sunayen mutum 80. A Ƙonni, Malbaza da Illela akan fara duba goman Tawa a ga ɗan wace gunduma ya shiga, wa aka bari. Daga nan sai a bi sauran 70 ɗin ɗaya bayan ɗaya, ana ƙirga nawa ne a cikinsu aka san gidan iyayensu.